Kachala ta toshe hanyar ruwa: yadda mutanen Hadeja da Nguru ke kare fadamarsu

Tsakanin Hadeja a jihar Jigawa da Nguru a jihar Yobe akwai wata makekiyar fadama. A nan kogin Hadeja da na Jama'are ke bazuwa kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe, wanda ke gangarawa Tafkin Chadi. Masunta da manoman shinkafa da makiyaya duk a nan suke samun abinci, tsuntsaye kuma na zuwa cin rani daga Turai. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

Da can ruwa yakan cika da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya wannan tsari, domin yanzu ana sakin ruwa har da rani. Ciyawar kachala, mai son jiƙa kullum, sai ta samu gindin zama. Ta cika mashigai, laka ta taru a saiwoyinta, ruwa ya bar tsohuwar hanyarsa. Wasu ƙauyuka na fama da ambaliya, wasu kuma ruwa ya daina isa gonakinsu. Jan-baki ma ya samu mafaka a cikinta, yana fita yana cin hatsi.

Mutanen ƙauyukan sun koma ga aikin gayya. Matasa kan shiga ruwa da adda da lauje, su sare kachalar a ƙarƙashin ruwa don ta ruɓe, su kwashe laka, kwale-kwale ya samu wucewa. Aiki ne mai cin jiki, kuma ciyawar kan dawo. Yasa da hannu na buɗe hanya na ɗan lokaci, amma lokacin sakin ruwa yana hannun masu kula da madatsun da ke jihar Kano.

Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya mamba ce a Hukumar Tafkin Chadi tare da Najeriya da Nijar, kuma kogin Shari, wanda shi da Logone ke kawo wa tafkin mafi yawan ruwansa, daga arewacin ƙasar yake tasowa. An daɗe ana maganar karkatar da ruwan kogin Ubangi, wanda ke wucewa ta Bangui, zuwa tafkin.