Ko Ka Sani? Duniyar da Shekararta Kwana 11 Ce

Babu wanda ya taɓa ganin duniyar Proxima b, ko da ta madubin hangen nesa ne. Rawar da tauraronta ke yi ce ta tona mata asiri.

A watan Agustan 2016 ne wani ayarin masana, bisa jagorancin Guillem Anglada-Escudé, ya ba da sanarwar gano ta. Babban makamin aikinsu shi ne HARPS, na'urar da ke La Silla a ƙasar Chile. Tana tsaga hasken tauraro zuwa launuka kamar bakan gizo, sannan ta auna ɗan gocewar da layukan cikinsa ke yi. Duk zagayen da duniyar ta yi sai ta ɗan fizgi tauraron, ya matso, ya koma, da saurin kusan kilomita 5 a awa. Tafiyar mai zuwa kasuwa da ƙafa ke nan. A ce an kama motsi irin wannan daga nisan da haske ke shafe fiye da shekara 4 kafin ya ratsa, ai dole a jinjina wa masu aikin.

Tauraron, Proxima Centauri, shi ne mafi kusa da ranarmu, sai dai ƙarami ne, ja, mai raunin haske. Duniyar ta maƙale masa: tsakaninsu kilomita miliyan 7 da ɗoriya, alhali mu da rana miliyan 150 ne. Shi ya sa shekararta ke cika cikin kwana 11.

Masana da dama na ganin fuska ɗaya tak take nuna wa tauraron, kamar yadda wata ke yi mana. In haka ne, a ƙaddara mutum ya tsaya a can. Jar rana ce babba a kansa, ta kafe wuri guda, ba asuba, ba magariba. Inuwarsa ba ta gusawa. Idan dare yake so, sai ya yi tattaki zuwa ɗaya ɓarin, inda gari bai taɓa wayewa ba. Tsakanin biyun akwai siririn yanki na almuru mai ɗorewa, kuma can ne masu hasashe suka fi sa ran ruwa.

Tauraron ma ba shi da haƙuri. Yakan yi aman wuta mai iya kwashe iskar duniyar gaba ɗaya.

Zuwa can kuwa, kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977, da can ya nufa, da sai ya shafe sama da shekara 70,000 a hanya.