Rigar biro ma tana iya fitowa daga hannunmu

Ƴan uwa mata, ku tsaya bakin ƙofar kowane banki a Maraɗi ko Yamai ranar Litinin da safe, ku kalli masu shiga aiki. Samarin cikin kostim baƙi da karabat, wuya a shaƙe, alhali watan Afrilu ne, rana tun da hantsi tana gasa ƙeya. Cikin biro akwai kilim, gaskiya ne, amma da wuta ta ɗauke sai ka ga mutum yana fifita da takardar aiki. Ku komo ranar Juma'a: su ɗin ne dai cikin shadda da hula, matan cikin atamfa da ɗaurin kallabi, kowa ya sake, kuma ba a ce lissafin kuɗi ya ɓata ba.

Mun daɗe muna cewa ai ranar Juma'a kayanmu ake sawa. Wata dattijuwa cikin ƙungiyarmu, wadda ta tashi gidan marina, ita ta gyara mana zance. Ta ce: “Ɗiyata, ɗinkin ne namu. Ƙyallen fa?” Shadda mai tsada daga Turai take zuwa, mai araha daga Sin. Atamfar da ta cika kasuwanninmu yawancinta a jirgin ruwa ta iso gaɓar teku kafin a yo lodinta zuwa nan. Tela ya ci ladan ɗinki, mai surfani ta samu na goro, sauran kuɗin ya ƙetare iyaka. Mai kaɗi, masaƙi da marini ba su ga ko dala ba.

Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun riga mu gane wannan. Lokacin da Toma Sankara yake mulki, daga 1983 zuwa 1987, ya sa ma'aikatan gwamnati su riƙa sa Faso Dan Fani, ƙyallen da ake saƙawa da audugar ƙasarsu. Mata da yawa sun kafa masaƙa a tsakar gida saboda kasuwa ta buɗe. Bayan an kashe shi abin ya ja baya, daga baya ya farfaɗo, har a 2023 gwamnatinsu ta shigar da shi cikin tufafin ƴan makaranta. Gana kuma tun 2004 ta ware Juma'a don ma'aikata su sa kayan gida. Mu ma ba a bar mu hannu banza ba. Muna da saƙar Tera-Tera ta yamma, muna da gwado da saƙi, muna da rinin baba, ga dukawan Damagaram da aikin fata. A bikin FIMA da Alfadi ya fara a 1998 kusa da Agadas, duniya ta ga cewa kayan Afirka suna shiga ko'ina. Amma biki na kwana kaɗan ne. Biro kuwa kullum ne, kuma nan cinikin yake.

To, bari mu gaya muku abin da ya same mu, don kada ya sami wata ƙungiya.

Bara, ɗiyar ɗaya daga cikinmu, mai aiki a wani kamfani, ta shawo kan shugabanta a yi wa ma'aikata riguna na saƙar gida. Riga ashirin, maza da mata. Murna kamar an yi mana albishir da Makka. Mata ukku sunka ɗauki bashi cikin asusu: mai sayen zare ta kai wa masaƙi, mai rini, da mai tela. Munka kai kaya ran da anka ce, ko da yake guga ta ƙarshe da asuba anka yi ta.

Sati biyu ba su cika ba yarinyar ta zo da kaya a buhu, idonta ja. Wanki guda, rigunan sun tsuke, hannu ya koma gwiwar hannu. Rinin kuma ya zuba, ya ɓata wa wani farar singileti, ya ɓata kujerar mota. Laifin namu ne, ba mu da bakin magana. Ba mu jiƙa ƙyallen mun shanya ba kafin a yanka, alhali kowace tsohuwa ta san auduga tana shan ruwa ta ja jiki. Mai rini kuma gaggawa ta sa ba ta ɗauraye shi har ruwan ya fita fari ba. Ga awo: da ido anka yi shi, “wannan kamar mijina yake”, shi ke nan.

Ranar zubi ta wannan sati ba a yi dariya ba. Bashi yana kan mata ukku, kuɗin kuwa na mu duka ne. Wasu sun ce a bar harkar, a koma ƙuli-ƙuli da kiwon tumaki da munka sani. Ba mu ga laifinsu ba. Amma yarinyar nan ta sa fuskarta a gaban shugabanta saboda mu. Munka yanke shawara a ƙara wa matan wata biyu, a sake rigunan ba tare da an karɓi kuɗin ɗinki ba.

A karo na biyu mun koyi abin da biro yake so, wanda ya bambanta da na biki. Ma'aikaci yana zaune tun safe har la'asar, don haka gwado mai kauri ba ya yi masa. Zare siriri ake nema. Babbar riga mai faɗi tana kama hannun kujera tana share takardu, shi ya sa munka yi taguwa daidai jiki, da aljihun alƙalami da salula. Saƙar ba lalle ta rufe riga duka ba: ƙwarya biyu a ƙirji da bakin hannu sun isa, farashi ya sauko. Matan kuwa sun fi son doguwar riga mai sauƙin aiki a wuya, wadda za ta tafi da hijabi ko gyale. Mai karatu cikinmu ta buɗe kaye, ta rubuta awon kowa da sunansa. Nan ne wasu sunka ga amfanin yaƙi da jahilci da suke gudu. Kafin mu kai, mun wanke riga guda sau ukku tare da farin ƙyalle, ya fito fari.

Har yanzu tsada tana nan. Rigar saƙa ba za ta yi gasa da kostim na gwanjo ba, kuma matashin da ya fara aiki yana lissafin albashinsa. Zaren ma wani lokaci na waje ne, don masu kaɗi sun yi ƙaranci. A unguwarmu tsofaffi biyu kaɗai sunka rage masu riƙe mazari. Wannan shi ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, kuma mun fara tura ƴanmata huɗu wurinsu da marece.

Kamfanin ya karɓi rigunan. Suna sa su Litinin da Juma'a. Matan sun biya bashin, saura kaɗan ga mai rini. Shugaban ya aiko a tambaye mu ko za mu iya jakar fata ta zuba takardu. Mu ba mu iya ba. In akwai ƙungiya a Damagaram ko Tawa da ke da hannu a aikin dukanci, ta aiko saƙo ta hannun masu wannan jarida kafin azumi.