Ƙwaro, Ƙugiya da Kifi: Ilmin da ke Cikin Fatsa a Farkon Damina

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Gulbin Sakkwato, kusa da madatsar ruwa ta Gusau, da yammacin ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, ba zai rasa ganin wani abin mamaki ba. Gina da shinge sukan fito daga suri da ramukan ƙasa su cika sama, da yawa daga cikinsu kuma su faɗa a ruwa. Nan da nan sai fuskar ruwan ta yi ta ɗigo-ɗigo kamar ana yayyafi, alhali kuwa gari ya riga ya washe. Ƙananan kifaye ne suke tasowa suna cafkar ƙwarin. Yaran da suka gane haka sukan soka shinge a ƙugiya, su ɗaura ta da zare a sandar gora, su jefa a hankali, kafin magariba sun sami na miya.

Abin da yaran nan ke yi, shi ne masu fatsa na ƙasashen sanyi suka mayar wata fasaha mai zaman kanta. Bambancin kawai shi ne, su ba ƙwaro mai rai suke sokawa ba. Gashin tsuntsu da zare da ulu suke naɗawa a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, sannan su ɗora ta a kan ruwa domin yaudarar wani kifi da Turawa ke kira tirawut. Dabarar kuwa tsohuwa ce. Tun wajen shekara ta 200 Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Aelian ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke ɗaura jan ulu da gashin zakara biyu a ƙugiya. A shekara ta 1496 kuma aka buga wani littafi a Ingila wanda ya lissafa ƙwarin ƙarya 12, kowanne da watan da ya dace a yi amfani da shi. Da yake ƙwaron ƙarya ba shi da nauyin da za a iya wurga shi nesa, sai aka mai da nauyin cikin igiyar. Mai fatsa yakan kaɗa ta baya da gaba kamar bulala, ita kuma ta ɗauki ƙwaron ta ajiye shi a kan ruwa ba tare da ƙara ba.

Me ya hana tirawut zama a Gusau?

Amsar tana cikin zafin ruwa. Kifi yana shaƙar iskar oksijin da ta narke a ruwa, ruwa kuwa in ya yi ɗumi sai ya rage yawan iskar da yake iya riƙewa. Lita ɗaya ta ruwa mai sanyin digiri 10 a ma'aunin Salshiyos tana iya riƙe kimanin miligiram 11 na oksijin, amma a digiri 30 ba ta wuce miligiram 7 da rabi. Tirawut kifi ne mai yawan motsi da buƙatar iska, ya fi jin daɗi a ƙasa da digiri 20, in ruwa ya daɗe a sama da digiri 25 sai ya fara mutuwa. A Gusau da Bunguɗu kuwa, inda zafin rana ke kusantar digiri 40 a watan Afrilu, guraben ruwan da suka rage a gulbi sukan yi ɗumin da ba zai jure ba. A Afirka ba ya rayuwa sai a kan tsaunuka, kamar ƙoramun Dutsen Kenya, ƙasar da Turawa suka kai shi a shekara ta 1905, da na Lesoto da Afirka ta Kudu.

Kifayen wannan gulbi sun dace da nasu yanayin. Tarwaɗa, wadda masana ke kira Clarias gariepinus, tana da wata gaɓa mai rassa a saman matatun numfashinta, wadda ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye daga sarari. Shi ya sa takan rayu cikin taɓo bayan sauran kifaye sun kife.

Lokacin ƙwari

A Ingila, kakar wannan fatsa takan kai ganiyarta daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Yuni, lokacin da wani ƙwaro da suka laƙaba wa sunan watan Mayu yake fitowa. Rayuwar wannan ƙwaro abin nazari ce. Yakan shafe shekara ɗaya ko biyu yana tsutsa a ƙarƙashin ruwa, cikin laka ko a jikin duwatsu. Daga nan sai ya taso, ya saɓule fatarsa, ya yi fukafukai. Babbansa ba shi da bakin cin abinci, bai cika wuce kwana ɗaya ko biyu ba, aikinsa kawai barbara da zuba ƙwai a ruwa. Dubbai sukan fito lokaci guda, kifi kuma ya mai da hankalinsa kacokan a kansu, har ya ƙi kallon wani abinci. Mai fatsar da ya jefa ƙwaron da bai yi daidai da na ranar ba a girma da launi, sai ya koma gida da jaka wayam.

Watannin nan biyu, Mayu da Yuni, su ne kuma farkon damina a Jihar Zamfara, sai dai abin da ke tayar da ƙwari a nan shi ne ruwan sama, a can kuwa ƙaruwar ɗumi da tsawon yini. Gina da shinge maza da mata ne masu fukafukai na gidan gara, suna jiran ƙasa ta jiƙa domin su tashi su kafa sabon gida. Kaɗan ne ke cin nasara. Sauran sukan ƙare a bakin tsuntsu da ƙadangare da kwaɗo da kifi, ko a kaskon suya, domin jikinsu cike yake da mai. Wannan kitse ya zo wa kifi a kan gaɓa, domin a daidai lokacin ne yake shirin yin ƙwai. Nijeriya ma tana da dangin ƙwaron Mayu. Akwai wanda ake kira Povilla adusta, mai huda itatuwan da ruwa ya shanye, wanda aka yi nazarinsa a Tafkin Kainji, an kuma san shi da fitowa da yawa 'yan kwanaki bayan wata ya cika.

Ido, hanci da gashin baki

A nan ne ainihin bambancin yake. Tirawut da ido yake farauta, cikin ruwa garau. Saboda yadda haske ke lanƙwasawa in ya shiga ruwa, kifi yana ganin duk abin da ke sama ne ta wata taga zagayayya mai faɗin kusan digiri 97. Mutumin da ya tsaya ƙiƙam a bakin gaɓa yakan bayyana a gefen wannan taga, wanda ya durƙusa kuwa da wuya a gan shi. Bugu da ƙari, kifi yana da wani layi na jijiyoyi a gefen jikinsa, daga kai zuwa wutsiya, wanda ke jin girgizar ruwa. Tsofaffin masunta da ke hana yara buga ƙafa a bakin gurbi ba camfi suke yi ba.

To, amma da zarar ƙoramun da ke gangarowa daga duwatsun Tsafe da Kwatarkwashi sun kawo ruwan farko, sai gulbi ya koma ja wur saboda laka. A irin wannan ruwa ido ba ya da amfani sosai. Tarwaɗa da ƙurungu da gashin bakinsu suke neman abinci, domin yana ɗauke da ƙwayoyin ɗanɗano, hancinsu kuma yana jin ƙanshi daga nesa. Gashin zakara da ulu ba su da wari, saboda haka ba za su ja su ba. Wannan ne dalilin da ya sa mai fatsa a Bunguɗu yake sa tana ko hanjin kaza, ya ɗaura totuwa a zare domin ta nuna masa in kifi ya ja. Zaɓinsa daidai yake da kimiyya, ko da bai taɓa shiga aji ba. Kifin da ya fi kama da tirawut a ɗabi'a shi ne kawara, mai sheƙin azurfa, wadda ke yawo garke-garke kusa da fuskar ruwa tana cafkar abin da ya faɗo. Wanda ke son gwada ƙwaron ƙarya, da ita ya kamata ya fara, a wurin da ruwa ya kwanta ya ɗan tace.

Abin da ke barazana

Ƙugiya kifi ɗaya take kamawa a lokaci guda, kuma mai ita yana iya mayar da ƙarami. Guba ba ta zaɓe. An daɗe ana zuba magimfa a gurabe, daga baya wasu suka koma ga maganin ƙwari irin su Gammalin 20, wanda sinadarinsa, wato lindan, ya shiga jerin abubuwan da Yarjejeniyar Istokholm ta hana a shekara ta 2009. Irin wannan magani yana kashe kifi babba da ƙarami, ya kashe tsutsotsin ƙwarin da kifi ke ci, ya kuma bi naman har cikin tukunya. Haka ma wanke tankin feshi a ƙorama, da tace ruwa da gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan da aka ƙyanƙyashe jiya. Ɓarnar ta fi muni a farkon damina, lokacin da tarwaɗa ke bin sabon ruwa zuwa fadamu domin zuba ƙwai a cikin ciyawa. Gulbin kuma ba na Gusau kaɗai ba ne. Daga kusa da Funtuwa ya taso, ya ratsa madatsar Bakolori da aka kammala a shekara ta 1978, ya haɗu da Rima a Sakkwato, ya wuce Argungu.

Ɗalibai suna iya auna lafiyar ƙoramarsu ba tare da na'ura ba. Malami ya kai su wuri marar zurfi kusa da gari, a ranar da babu hadari, domin ƙorama takan kawo ruwa ba zato. A ɗauko duwatsu 10 daga ƙarƙashin ruwa, a wanke su cikin farin kwano, a duba abin da ke motsi. Tsutsa mai ƙafa shida da siraran wutsiyoyi uku, mai ƙananan ganyayyaki a gefen ciki, ita ce ta dangin ƙwaron Mayu, kuma ba ta jure gurɓataccen ruwa. In kuwa jajayen tsutsotsi ne kawai suka cika kwanon, alama ce ta ƙarancin oksijin. A rubuta adadin kowane iri da kwanan wata, a maimaita a watan Agusta da Oktoba, a kwatanta. A kuma sa takalmin roba da safar hannu, domin katantanwar ruwa da ke yaɗa tsargiya tana zaune a jikin waɗannan duwatsu.