Liyari: Kuɗin Azurfar Da 1780 Ba Shekarunsa Ba Ne

Yau zancen tsohon kuɗi za mu yi, irin wanda ke kwance a ƙasan adakar kaka, ko kuke gani a kitson matan Fulani idan sun shigo kasuwar Haɗejiya.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne liyari. Babban tsabar azurfa ne daga ƙasar Ostiriya, gefe ɗaya hoton sarauniya Mariya Tereza, ɗaya gefen mikiya mai kai biyu. Fatake ne suka ƙetaro da shi Sahara, ya zagaya Borno da Kano tun ana ciniki da wuri, mu kuma garinmu yana tsakanin biyun.

To ga inda ake cutar mutane. Za ka ga an rubuta 1780, dillali ya rantse maka abin ya haura shekara 240. Ba lalle ba ne! A 1780 sarauniyar ta rasu, sai aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar, don 'yan kasuwa ba sa karɓar wanda aka sauya wa kama. An buga shi a Landan, an buga a Rum da Bombay, kuma har gobe ana bugawa a Biyana.

Ya za ka gane na gaske? Ka kai wa mai awon zinariya. Nauyinsa giram 28 ne, faɗinsa wajen milimita 40, kashi 83 cikin 100 azurfa. Maganaɗisu ba ya kama shi. A bakinsa akwai rubutu da ya zagaye shi, na jabu kuwa yawanci rubutun a dagule yake. Kuma don Allah kar a dirje shi da toka wai ya yi ƙyalli, masu tara tsofaffin kuɗi sun fi son shi da duhunsa.

Af, zinariyar da na ambata ma daga dinarin Larabawa muka samo sunanta, su kuma daga dinariyus, kuɗin azurfar Rumawa. Shi ya sa a zamanin fam da sule, kafin naira ta zo a 1973, ake rubuta kwabo da harafin "d".

Abin da ke damuna, da an shiga matsi sai a miƙa liyari wa maƙeri ya narkar, a yi zobe. Wanda ya ga dole sai ya sayar, ya fara tambayar tsohuwa daga hannun wa ta gāje shi, ya ɗauki hoton gaba da baya da waya, sannan ya auna kafin a yi ciniki.