Yadda ake tuƙa manyan jiragen ruwa da na'urori

Yawancin shinkafar waje da ake sayarwa a kasuwannin Maradi da Damagaram ta yi makonni bisa teku kafin a sauke ta a tashar Lome ko ta Kwatano. A ɗakin tuƙin jirgin da ya ɗauko ta, da dare sau da yawa mutum biyu kawai ake iskewa: hafsan da ke bakin aiki da mai sa ido. Galibi hafsa na yin awa 4, wani ya canje shi.

A gabansa akwai allon kwamfuta mai nuna taswirar teku, ana kiran shi ECDIS. Na'urar GPS ce ke gaya wa allon inda jirgi yake, shi kuma ya yi ƙara in an saki hanya ko an nufi wuri marar zurfi. Radar na gano jirage da gaɓa ko cikin hazo. AIS kuwa, wadda aka wajabta wa manyan jirage tun 2004, tana watsa sunan jirgi, saurinsa da inda ya dosa.

Matsalar ita ce, kusan dukansu da GPS suka dogara. In ta yi kuskure, allo zai nuna kuskuren kamar gaskiya ne.

Haka ta faru da jirgin fasinja Royal Majesty a watan Yuni na 1995, kan hanyarsa daga Bermuda zuwa Boston a Amurka, da mutum sama da 1,500. Wayar eriyar GPS ta tsinke jim kaɗan bayan tashi. Na'urar ba ta mutu ba, sai ta koma ƙiyasi da sauri da alkibla kawai, ba ta lissafa iska da igiyar ruwa. Fiye da yini guda hafsoshi na kallon allo hankali kwance, alhali jirgi na zamewa, har ya kafe a rairayi kusa da tsibirin Nantucket, kimanin kilomita 30 daga hanyarsa. Ba a rasa rai ba.

Shi ya sa ake horar da hafsa ya riƙa gwada abin da GPS ta ce da radar, da ma'aunin zurfin ruwa, da fitilun gaɓa da idonsa ke gani. Yanzu ma da gangan ake dagula siginar GPS a Bahar Maliya da Bahar Aswad saboda yaƙi, har allo ya nuna jirgi bisa tudu.