Daga Magaria zuwa Damagaram: abin da sabon ɗalibi ke ɓoye wa abokin ɗakinsa

Tsakanin Magaria da Damagaram bai kai kilomita 100 ba, amma ga matashin da ya ci bak ya samu gurbi a Jami'ar André Salifou, yanzu ne zai fara kwana ɗaki ɗaya da baƙo. Ɗakunan da hukumar CROU ke rabawa ba sa isar kowa, shi ya sa wasu ke haɗa kuɗi su kama haya cikin gari.

Gabatarwa takan fara da gari: "Ni ɗan Dungass ne." Daga nan sai hirar kokowa, ƙwallo da finafinan Kano. In akwai wasan barkwanci tsakanin ƙabilunsu, shi ke nan, an saba.

Sai dai ba waɗannan ke raba abokan ɗaki ba. Abin da ake jin nauyin faɗa ne: wa ke karatu har tsakar dare, wa ke yawan baƙi, wa zai sayi gawayi in kuɗin tallafin ɗalibai ya makara. Kunya kan hana mutum cewa ba shi da ko dala, abokin ya ɗauka rowa ce, kafin a je hutu an daina cin tukunya ɗaya.