Ranar da Kwamfuta Ta Mayar da Ɗanladi ÆŠanladi

A hutun da ya wuce ina gida sai kawuna ya aiko a kira ni da gaggawa. Shi ne mai kula da harkar jarrabawa a wata makarantar sakandare mai zaman kanta, kuma tun ranar da na fara karatun kimiyyar kwamfuta a jami'a ya yanke hukuncin cewa babu abin da ya shige mini duhu a harkar na'ura. Na same shi a ofis da tulin takardun sakamako a gabansa, saura kwana biyu a raba wa ɗalibai.

"'Yar nan, zo ki gani," in ji shi. "Ko dai ƙwayar cuta ta shiga kwamfutar nan, ko kuma ba ta jin Hausa."

Na duba. Duk inda sunan mahaifi ya kasance Ɗanladi, takarda ta fito da ÆŠanladi. Wanda garinsu Ƙanƙara, an rubuta masa Æ˜anÆ™ara. A takardun 'yan aji ɗaya kuwa abin ya sha bamban, domin alamar tambaya ce ta zauna a gurbin harafin: ?anladi. Da a nan abin ya tsaya da sai a yi dariya. Amma da safiyar ranar wata uwa ta zo da rasit ɗin kuɗin makaranta a hannu, akawu ya buga sunan ɗanta, kwamfuta ta ce babu mai wannan suna. Yaron da ya shekara uku a makarantar! Matar ta fita ranta a ɓace, tana ganin an cinye mata kuɗi.

Babu ƙwayar cutar da ta shiga. Abin da ya faru ya fi haka sauƙi, kuma duk wanda ya iya raba lamba da 64 zai iya gane shi.

Kwamfuta ba ta san harafi ba

Kun tuna wasiƙar sirrin da ake yi a aji, inda A take zama 1, B ta zama 2? Idan ka aika wa abokinka lambobi, sai yana riƙe da irin jadawalinka zai karanta. In nasa daban ne, zai fitar da haruffa, amma shirme za su ba shi. To, haka kwamfuta take. Ba ta ajiye harafi, lamba kawai take ajiyewa. Ma'auninta shi ake kira bayit, kuma bayit ɗaya yana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255.

Jadawalin da ya fara karɓuwa shi ne ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963. Gurabe 128 gare shi: A ita ce 65, a ƙarama 97, alamar tambaya 63. Turanci ya samu abin da yake so. Mutanen Yammacin Turai suka ga babu é ta Faransanci, babu ñ ta Sifaniyanci, sai aka cike sauran guraben har zuwa 255, aka samu jadawalin da ake kira Latin-1. Kamfanin Microsoft ya ɗan faɗaɗa shi ya kira nasa Windows-1252. A duk cikinsu babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda muke sa 'y.

Kowane yanki na duniya ya yi ta ƙirƙiro jadawalinsa, rubutu yana rikicewa duk lokacin da ya tsallaka iyaka. Mutanen Japan sun sha wannan wahala har suka raɗa mata suna, mojibake, wato rikiɗewar haruffa. A 1991 aka fito da Unicode, jadawali guda da ke ba kowane harafi na duniya lambarsa, kuma yau yana ɗauke da alamomi fiye da 140,000. A ciki Ɗ ita ce 394, ƙ 409, ɓ 595, ɗ 599.

Sai dai ga matsala: 409 ta fi 255, ba za ta shiga bayit ɗaya ba. Wasu masana biyu, Ken Thompson da Rob Pike, su suka tsara mafitar da ake amfani da ita yanzu, a watan Satumba na 1992, suna zaune a wani gidan cin abinci a jihar New Jersey. Sunanta UTF-8. Haruffan ASCII suna nan da bayit ɗaya yadda suke. Daga 128 zuwa 2,047 bayit biyu ne, kuma a nan haruffanmu masu ƙugiya suke, tare da haruffan Larabci da ake rubuta Ajami da su. Alamar Naira, ₦, bayit uku take ci. Fuskokin dariya da kuke aika wa juna a waya, huɗu.

Ku ɗauko biro

Ga yadda ake raba harafi gida biyu. A raba lambarsa da 64. Abin da aka samu a tara shi da 192, shi ne bayit na farko. Ragowar a tara da 128, shi ne na biyu.

Mu gwada da ƙ. Idan aka raba 409 da 64 za a samu 6, saura 25. To 192 da 6 sun ba da 198, sannan 128 da 25 sun ba da 153. Ke nan a cikin kwamfuta ƙ ita ce 198 da 153 a jere. Yanzu a miƙa waɗannan lambobi biyu ga mai riƙe da jadawalin Windows-1252, wanda a wurinsa kowane bayit harafi ne mai zaman kansa. Zai duba 198 ya ga Æ, ya duba 153 ya ga ™. Shi ya sa "ƙasa" take komawa "Æ™asa". Ita ma Ɗ, 394, tana ba da 6 saura 10, wato 198 da 138, kuma 138 a wancan jadawali Š ce. Ga ÆŠanladi ɗinmu ya bayyana.

Lokacin da na yi wa Kawu wannan lissafi a bayan wata tsohuwar takarda, ya daɗe yana kallo. Shi malamin lissafi ne tun asali. Ya karɓi biron ya yi na ɗ da kansa, ya samu 201 da 151, ya ɗago kai ya ce, "Ashe ma sunan yana nan, karanta shi ne ba a iya ba."

Kuskure biyu da suka rufa wa juna asiri

Bayanan ɗaliban suna cikin rumbun bayanai ne. Ku ɗauke shi kamar rajistar aji mai layi-layi: gurbin suna, gurbin aji, gurbin maki. Ba a buɗe shi da hannu. Akwai injin da ke tsaye a ƙofarsa, ana yi masa tambaya da wani harshe mai suna SQL, misali a ce ya kawo duk ɗalibin da sunansa kaza, shi kuma ya shiga ya nemo. Na makarantar su Kawu MySQL ne, wanda aka ƙirƙira a ƙasar Suwidin. Kowane gurbin rubutu a cikinsa yana da tambarin da ke faɗin jadawalin da za a karanta shi da shi. Shekaru da yawa, in ba ka zaɓa da kanka ba, latin1 yake liƙa maka, kuma abin da yake kira latin1 a zahiri Windows-1252 ne. Sai a fitowa ta 8.0, a 2018, aka mayar da cikakken UTF-8 ya zama zaɓin farko.

Tambayar da ta hana ni barci ita ce: me ya sa shekara da shekaru sunayen suna fitowa daidai, sai bana? Amsar ta ba ni dariya da na gano ta. Tsohuwar manhajar makarantar tana aika sunaye da UTF-8, amma ba ta taɓa gaya wa injin haka ba. Injin ya karɓi 198 da 138, ya ɗauka haruffa biyu ne na Turai, ya ajiye. In an nema sai ya mayar da su yadda suka zo, manhajar ta haɗe su ta nuna Ɗ. An shigar bisa kuskure, an fitar bisa kuskure iri ɗaya, kowa yana ganin lafiya lau.

Bana aka kawo sabuwar manhaja, wadda ke gabatar da kanta yadda ya kamata, tana cewa da UTF-8 take magana. Injin kuwa mai biyayya ne. Ya duba gurbin suna, a saninsa Æ da Š ne a ciki, sai ya fassara su tsaf ya miƙa. Da akawu ya nemi Danladi, injin ya gwada da abin da ke ajiye, bai yi daidai ba, ya ce babu. Bai yi ƙarya ba.

'Yan aji ɗaya kuma da sabuwar manhajar aka shigar da su. Ta miƙa Ɗ ta gaskiya, injin ya nemi gurbinta a jadawalin latin1 ya rasa, sai ya ajiye 63, alamar tambaya. Akwai saitin da in an kunna shi injin zai ƙi karɓa ya yi ƙorafi, amma a nan a kashe yake.

Wanne ya fi muni?

A ido ÆŠanladi ya fi ban tsoro, amma shi ne mai sauƙin magani, domin lambobin asali ba su je ko'ina ba. Alamar tambaya ita ce asara. Ko ƙ ce, ko ɗ, ko ɓ, duk 63 suka koma, kuma babu lissafin da zai dawo da su. Ku duba "?ari". Ɗari ne, ko ƙari, ko ɓari? "Ba?i" fa, baƙi ne ko baɗi? Bahaushe zai iya cankar suna, injin ba zai iya ba.

Kafin na taɓa komai na kwafi rumbun gaba ɗaya, kuma na gode wa Allah da na yi haka, don gwajina na farko ɓarna ya ƙara. Na umarci injin ya mayar da gurbin suna UTF-8 kai tsaye. Ya yi biyayya: ya ɗauki Æ ya ba ta bayit biyu, ya ɗauki ™ ya ba ta uku. Ƙaramar ƙ guda ta koma bayit biyar, shirmen ya samu gindin zama. In aka sake karanta wannan da jadawalin da ba daidai ba, Ã†â„¢ za a gani. Duk wanda ya taɓa cin karo da irin wannan dogon tarkace a intanet, to rubutun sau biyu aka yi masa wannan aika-aika.

Hanyar da ta yi aiki mataki biyu ce. Da farko a ce wa injin ya daina kallon gurbin a matsayin rubutu, ya ɗauke shi lambobi tsura. Sannan a liƙa masa sabon tambari, utf8mb4, ba tare da an canza ko bayit ɗaya ba. A kula da wannan suna, domin abin da MySQL ya daɗe yana kira utf8 bayit uku kawai yake ɗauka, fuskar dariya ba ta shiga. A 2010 aka ƙaro utf8mb4 mai ɗaukar huɗu.

Don in tabbatar, na yi amfani da umarni biyu. LENGTH yana ƙirga bayit, CHAR_LENGTH yana ƙirga haruffa. Kafin gyara, duka biyun 8 suke ba ni a kan sunan. Bayan gyara LENGTH ya ce 8, CHAR_LENGTH ya ce 7, kuma haruffan Ɗanladi bakwai ne. Akwai kuma HEX, mai nuna lambobin da ke ajiye a tushe 16, wannan darasin tushen lamba da muke ƙorafin ba mu ga amfaninsa ba. A tushe 16, C tana nufin 12, don haka C6 ita ce 12 sau 16 a tara da 6, wato 198, 99 kuma 9 sau 16 a tara da 9, wato 153. In kun taɓa kwafo adireshin wani shafin Hausa kuka ga %C6%99 a tsakiya, ƙ ce ta sa wata rigar.

Akawun ya kawo shawarar da na san da yawanku za su kawo: a cire ƙugiyar kowa a huta. Na fahimce shi, shi ne ke shan faɗan iyaye. Amma ban yarda ba. Harshen da ke bambanta baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa, bai kamata a aske masa ƙugiya don wani ya manta saiti guda ba. Wanda ya rubuta "ƙashi" aka cire masa ƙugiya ya san abin da nake nufi. Abin da zan ce muku kawai, duk takardar da za a buga da sunanku, ku karanta ta harafi-harafi tun kafin a kai ga satifiket, kuma ku tsaya a kan rubutu iri ɗaya a duk takardunku. In kun ga Æ ko É a sunanku, ku gaya wa mai kula da kwamfutar kada ya goge, gyaruwa yake yi.

Sunayen tsofaffin ɗalibai sun dawo cikin ƙiftawar ido. Na 'yan aji ɗaya kuwa sai da muka sauko da fayilolin shiga makaranta daga saman kabad, ni ina karantawa Kawu yana bugawa, har aka kira magariba. Washegari aka kira mahaifiyar yaron nan, aka nuna mata sunan ɗanta da duk kuɗin da ta biya.

Ina haɗa jakata sai Kawu ya sake miƙo wata takarda. Wata ɗaliba ce, an buga sunanta Sa&#39;adatu. Wannan wata rigar ce daban, irin ta shafukan intanet, amma na bar muku ita: ku nemo jadawalin ASCII ku ga wace alama ce ke zaune a lamba 39. In kun gama, ku raba 595 da 64 ku fitar da bayit biyu na ɓ.